Sunan Wa Ke Kan Allon Baffa

Goronyo, farkon damina

Zuwa ga taubashiyata Atika,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da karatun da ya ƙi ƙarewa. Mu nan kowa ƙalau. Jikin Baffa Lawwali da sauƙi, alhamdu lillahi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga mai gyaran waya. Tun gardamar da muka yi da ƙaramar salla kika toshe lambata, kuma ba zan ari wayar wani don in roƙi baiwata ba. Habibullahi direba yana bi ta Zariya in zai kai albasa Kudu. Shi zai miƙa miki wannan, in ya juyo ya karɓi amsa.

Ga maganar. Kin san idanun Baffa sun rufe gaba ɗaya. Na je Wurno gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Sirajo, akwatin ga, ina son in ji kukanai ko sau guda. Idanu sun tahi, amma kunne na nan." Kin san akwatin da yake nufi, tsohuwar kwamfutarsa mai koren allo, wadda ya saya hannu na biyu a Sakkwato ya ajiye tafireta, yana buga wa mutanen Wurno takardu tun muna yara.

Ni ya faɗa wa, ki lura. Na ɗauko ta daga kan kabad na kawo ta shagona. Na kakkaɓe gidan zanzaro, na sauya abin da ya ƙone a gidan wutarta, yanzu tana kamawa, fanka na juyawa, allo na haske. Daga nan sai ta tsaya tana jiran faifai. Ba ta da rumbu a ciki irin na yanzu, komai nata yana kan faifan nan mai laushi, mai faɗin tafin hannu. Faya-fayan Baffa kuwa ambaliyar nan ta shekarun baya ta cinye su, don a ƙasan gado suke. Na bincika Sakkwato, na aika Kano, wani yaro ma dariya ya yi mani, ya ce ko gidan tarihi nake nema.

Inna Kulu, matar Baffa, ta ce ya taɓa ba ki guda lokacin da za ki tafi makarantar kwana. Ban san da wannan kyauta ba sai yanzu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta tsaya mani a rai. Ni ɗan ƙanensa ne, sunan gida ɗaya muke amsawa, bai ba ni ko marfin faifai ba. Amma a bar wannan. In yana nan, ki naɗe shi da kyau ki ba Habibullahi.

Ubangidanki,
Sirajo

*

Samaru, Zariya

Zuwa ga Sirajo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Na ji daɗi da ka ce jikin Kawu da sauƙi. Na kira Inna Kulu ita ma haka ta ce mani, hankalina ya kwanta.

Ubangidan wa? Ka bari sai ranar da ka iya rubuta takarda ba ta zo tana warin albasa ba.

Faifai yana nan. Yana cikin rigarsa ta takarda a ƙasan akwatin aurena, ban taɓa bari rana ko maganaɗisu ya kusance shi ba. Kuma tunda kai "akwati" kawai ka sani, bari in gaya maka abin da kake roƙo. Wannan darasin nake koya wa 'yan aji ɗaya duk shekara, kai zan yi maka kyauta.

Na'urorin farko ɗaki guda suke cikawa. Mai son aiki sai ya huda katuna, ya miƙa ta taga, ya tafi gida. Gobe ya dawo a ce masa ya yi kuskure a kati ɗaya, ya sake shiga layi. Aiki ɗaya na'ura ke yi, sai ta gama ta ɗauki na gaba. Daga baya, wajen shekarun 1960, aka rubuta mata babbar manhaja mai rabon lokaci. Mutane da yawa su zauna, kowa da madannansa, ita kuma tana ba kowa ɗan ƙanƙanin lokaci tana zagayawa da sauri, har kowane ɗayansu ya ɗauka shi kaɗai take saurare. Da ƙananan na'urori suka fito, irin ta Kawu, sai aka yi masu tasu manhajar, DOS, mai hidimar mutum ɗaya. Ita ce a kan faifaina. Ba tare da ita ba abin da ke shagonka ƙarfe ne da fanka. Ko kwanan wata ba ta riƙewa, duk tashin da za ta yi tana zaton ɗaya ga Janairun 1980 ne, sai ta tambaye ka.

Saboda haka kai ka sami gangar jiki, ni Kawu ya ba hankalin. Ka ce kyautar ta tsaya maka a rai, to hassada ga mai rabo taki ce.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ya hana ni, amma yanzu mun girma. Duk Lahadin da mahaifiyata ta kawo ni daga Rabah, in ya kunna ta, ta gama gurnaninta, muka ba ta kwanan wata, abin da ke fitowa a gefen allo sunana ne. Atika, da 'yar alama tana ƙyaftawa tana jirana. Ya ce mani, "Ke ɗai ta sani, kak ki hwaɗa ma kowa." Wannan kalmar ce ta kawo ni inda nake yau.

Ba zan ba direban albasa faifan nan ba. Ka mayar da na'ura Wurno. In mun gama jarrabawa zan zo in sa shi da hannuna a gaban Kawu.

Atika

*

Goronyo

Atika,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, gero ya yi kyau. Jikin Baffa da sauƙi.

Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na fita na bar shago a buɗe don kada in fasa wayar mutane. Darasinki na gode. Rabon lokacin da kike ta yi wa ado, mu nan rabon ruwa muke ce masa, duk mai fadama a Wurno ya san a buɗe wa wannan a toshe wa wancan. Ba shi ya ɓata mani rai ba.

Sunanki a kan allo? Atika, ki ji tsoron Allah. Boko ya kai ki har ki ɗauki abin da ya faru da wani ki ce naki ne? Sunana ne ke fitowa. Duk Asabar da Baba ya zo duba gonarsa ya ajiye ni wurin Baffa, da idona nake gani, Sirajo, da koren rubutu. Har kan cinyarsa yake ɗora ni in danna. Kuma ni ya ce wa, "Kai ɗai ta sani, kak ka hwaɗa ma kowa." Na riƙe wannan magana fiye da shekara ashirin, ko matata ban gaya wa ba. Ban san a bakin wa kika tsince ta ba, amma tsintuwa ce.

Ke kin tafi, kin yi digiri kan digiri, in an tashi zancen kwamfuta a dangi sai a ce Atika. An gayyace ki rediyo kin ce Kawunki ne ya fara nuna miki na'ura, ko a tari ba ki ambaci cewa akwai wani yaro da ya riga ki zama kan kujerar ba. Na ji shirin a kasuwa, mutane na kallona. Na daure, don ina da abu guda da ba ki da shi. Yanzu shi ma kin miƙo hannu.

Kawunki ne, na yarda. Ni kuwa Baffana ne. Ni ke kai shi asibiti, ni ke gyara masa rediyo, ni ya kira da ya so jin kukan akwatinsa.

Ba zan kai na'ura gabansa ban gwada ta ba. In faifanki ya mutu fa? In tara tsoho da zumuɗi, a kunna a ji shiru? Ki aiko in gwada a shago. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, allo zai faɗi sunan da ya sani.

Sirajo

*

Samaru, Zariya

Sirajo,

Gaisuwa mai yawa. Lafiya lau muke, sai aikin jarrabawa da ya yi mana rubdugu. Madalla da jikin Kawu, Allah ya ƙara sauƙi.

Yanzu na gane. "Ki aiko in gwada a shago." Kai kaɗai, da ƙofa a rufe, ko? Ka ɗauka ban san layi ɗaya ne ake gogewa a rubuta wani ba? Mai gyaran waya da ke buɗe wayoyin da masu su suka manta lambar sirri, shi zan miƙa wa shaidata ya kwana da ita? Kafin in iso Wurno ka mayar da Atika Sirajo, ka tara dangi ka ce ga shi.

Maganar rediyo kuma, minti nawa aka ba ni da zan jero 'yan uwa? Kai kana da Kawu kullum. Kana jin muryarsa, kana cin tuwon Inna Kulu, in ya yi tari kai ake kira. Ni ina nan wata uwa duniya, in na kira a waya sai ya ce, "Wa ka magana?" sai na faɗi sunana. Ka san yadda wannan ke ci mani rai? Abin da nake da shi nasa faifan nan ne kaɗai, shi ma ka sa masa ido.

Ban ce ƙarya kake ba. Wataƙila ya taɓa rubuta maka sau ɗaya don ka daina kuka, ka kuwa iya kuka kana yaro. Amma wanda ya zaɓa ya ba faifai an san shi.

Tunda jikin da sauƙi, babu abin gaggawa. In na gama duba takardun ɗalibai na miƙa sakamako, zan taho. Ka share wa na'urar ƙura kafin nan.

Atika

*

Wurno

Atika,

Sallama. Daga Wurno nake rubutowa, kwanakin nan a nan nake kwana, na bar wa maƙwabcina shago. Jikin Baffa da sauƙi, sai dai abinci da ba ya so. Goggo, mahaifiyarki, ta zo daga Rabah, ita ma tana nan.

Na kawo na'urar, tana kan teburinta na da. Jiya ya sa na kunna masa, ya saurari fanka, ya ce, "Ba shi na ba. Ina gurnanin?" Na ce yana hanya.

Ban da ƙarfin gardama yau. Ki aiko, ko ki zo da shi. In kina tsoron hannuna, Inna Kulu ta riƙe har ki iso.

Sirajo

*

Samaru, Zariya

Sirajo,

Habibullahi yana tsaye a ƙofa, motarsa na kan titi, don haka a gurguje nake rubutu. Ya ce gada ta karye masu a hanya, takardarka ta yi kwanaki a aljihunsa.

Kai ba ka taɓa rubuta mani takarda babu zagi ba sai wannan, shi ya tsorata ni. Mi ya kai mahaifiyata Wurno ta zauna? Na kira ta yanzu, ta ce da sauƙi, amma muryarta ba ta yi mani ba. Na ce ta ba Kawu wayar, ta ce yana barci.

Ga faifan nan cikin kwali, na naɗe shi da ɗankwalina. Ban jira Habibullahi ya juyo ba, na ba shi yanzu, ya yi mani alkawarin sauke kaya kawai zai yi ya kamo hanya. Ni kuma sati mai zuwa in sha Allahu ina tafe, ko an gama sakamako ko ba a gama ba.

Ka sa masa ya ji. Duk sunan da ya fito, kada ka faɗa mani a takarda, zan gani da idona. Kuma na buɗe lambarka.

Atika

*

Wurno

Zuwa ga 'yar uwata Atika,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baffa, ya sa ya huta. Ina fata kin koma Zariya lafiya. Inna Kulu tana cikin takaba, tana gaishe ki.

Na san kin buɗe lambata. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga, abin da ke bakina ba na waya ba ne.

Da kika zo gaisuwa kina cikin mata ina waje kan tabarma, magana ɗaya kika yi mani a zaure. Kin ce, "Don mi ka rubuta mani da sauƙi?" Atika, mi zan rubuta? Kin taɓa jin wanda aka tambaya jikin majinyaci ya ce ya yi tsanani? Goggo da ta haife ki haka ta ce miki. Shi kansa ranar da ya kasa ɗaga kai, na ce Baffa ya jiki, ya ce da sauƙi. Na zaci za ki karanta ta yadda muke faɗinta. Ke kuma kin karanta ta yadda kike so, don ta ba ki lokaci, ni ma na bar ki a haka don ina son ki zo ki tarar ni ne a gefensa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Habibullahi ya iso shekaranjiya. Motarsa ta lalace a Kudu, ya zauna jiran kayan gyara, faifanki na cikin akwatin gaban mota. Da ya ji an yi rasuwa ya zauna a ƙofar gida ya kasa miƙo mani kwalin.

Na shiga da shi ɗakin Baffa. Inna Kulu na zaune a bakin gado da carbi. Ta tambaye ni mi ke cikin ɗankwali, na gaya mata, har na gaya mata abin da muke ta ja a kai, wai sunan wa ke kan allo. Ta dube ni kamar na zo da hauka. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba.

"Wanga shi na abin da kuka ma gardama? Ran Assabar da sahe shi goge nata shi sa naka. Ran Lahadi shi goge naka shi sa nata. Ni ka tuna mai in ya manta. Nac ce mai, Malam, ranar da sunka gane fa? Yac ce, ɗiya biyu, akwati guda, mi kika son in yi? Kowa shi samu ranatai."

Ta ce har ranar da ya daina magana yana tambayar gurnanin, daga baya ya daina tambaya.

Na sa faifan. Ban yi zaton zai tashi ba, amma kin iya ajiya, wannan na ba ki. Jan fitilar nan ta kama, ya yi gurnaninsa, gurr, gurr, ƙit, daidai yadda kika san shi. Inna Kulu ta rufe fuska da mayafi. Sai na'urar ta nuna ɗaya ga Janairun 1980, ta tambaye ni kwanan wata. Na daɗe ban danna ba, don a wurinta ba a haife mu ba ma, balle a ce ya rasu. Na ba ta na ranar.

Kin ce kada in faɗa miki a takarda, amma ba zan iya riƙe shi ba. Sunana ne ya fito. Sirajo, da alamar nan tana ƙyaftawa.

Abin da kika ɓoye a ƙasan akwatin aurenki duk shekarun nan, sunana ne a ciki. Inna Kulu ta ce ranar Asabar da yamma ya kwafa miki shi, bayan na tafi, don ya kasance a shirye kafin ki zo sallama, bai kai ga sauyawa ba. Iyakar sirrin ke nan, ni na zauna ƙarshe. Da a watan jiya ne na ga wannan, da na ɗauki hotonsa na bi dangi gida gida, har Rabah. Jiya kuwa na zauna ina kallonsa, babu wanda zan nuna wa. Wanda ya so ji bai ji ba, kuma da ni da ke muka hana shi.

Ina jin haushinki har yanzu, kada ki ɗauka ya wuce. Ke ya ba faifai, ni bai ba ni ba, wannan ba zai goge ba. Na san ke ma kina jin nawa, don ni na riƙe hannunsa a ƙarshe.

Kin ce in na kwana da faifan zan goge layi in rubuta wani. Kin yi gaskiya, na yi. Da safen nan na goge Sirajo na sa Atika, na kashe na sake kunnawa don in tabbata ya zauna. Sadakar arba'in ta faɗo ranar Lahadi. Na'urar na kan teburinta, na rufe ta da ɗankwalinki. Ki taho da wuri, ranarki ce.

Ɗan uwanki,
Sirajo